Ƙoƙon kai, kyandir da lemun tsami: me tsofaffin zane-zanen kayan kan tebur suke nufi?

Duk mai yawan leƙa shafukan da suke saka tsofaffin zane-zanen Turawa a Facebook ko Instagram da wuya bai taɓa cin karo da irin wannan hoton ba: tebur a ɗaki mai duhu, an ɗora ƙoƙon kan mutum a kan wani tsohon littafi, ga kyandir ya mutu hayaƙi yana tashi, ga agogo, wani lokacin ga lemo an fere shi rabi ɓawon yana reto a bakin tebur. A ƙasan hoton sai ka tarar an rabu biyu, wasu suna cewa ai wannan kayan tsafi ne ko alamomin ƙungiyar asiri, wasu kuma su kawo maka dogon jeri wai ga fassarar kowane abu, lemo kaza yake nufi, ƙuda kaza, wuƙa kaza. Maganar farko ba ta da tushe ko kaɗan. Ta biyun akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma an zuzuta ta fiye da kima, kuma su kansu masana tarihin zane sun shafe shekaru da dama suna ja-in-ja a kanta.

Wane irin zane ake magana a kai

Shi ne zanen da ba mutum ba ne jigonsa, kaya kawai aka jera aka zana da fentin mai: furanni, 'ya'yan itatuwa, kwanuka, littattafai, kayan kiɗa, tsuntsayen da aka riga aka harbo. Mutanen Holan sun fara kiransa stilleven wajen 1650, kafin nan kowane iri da sunansa, akwai na furanni, akwai na ɗan abin karyawa, akwai na walima, sannan akwai vanitas wanda shi ne mai ƙoƙon kan. Sunan vanitas daga Latin yake, an ɗauko shi daga farkon littafin Mai-Wa'azi na Tsohon Alkawari inda ake cewa komai na duniya banza ne.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Alama ita ce abu guda ya tsaya a madadin wata ma'ana, kamar agogon yashi ya tsaya a madadin ƙarewar lokaci. Buga misali kuwa shi ne a tsara hoton gaba ɗayansa don ya faɗi magana guda, kowane abu da ɓangaren da yake riƙe da shi, kamar zanen da aka saka madubi don gani, sarewa don ji, fure don shaƙa, giya ko burodi don ɗanɗano. Hoto zai iya ɗaukar alama ɗaya ko biyu ba tare da ya zama misali gaba ɗaya ba, kuma yawancin ruɗanin daga nan yake tasowa.

Yadda abin ya faro

Da can waɗannan kayan a gefen zanen addini suke zama, ba su da hoton kansu. Za ka ga farar fure kusa da Maryam tana nuna tsarki, ko tuffa tana tuna labarin Adamu da Hauwa'u. A 1551 wani mai zane da ke aiki a Antwerp, Pieter Aertsen, ya juya tsarin: ya cika gaban hotonsa da rumfar mahauta, kan bijimi, ƙafafun alade, tsiren hanji, kifi, sai can baya ƙanana-ƙanana ka hango Maryam a kan jaki a hanyar gudun hijira zuwa Masar tana miƙa wa mabaraci sadaka. Nama ya cika ido, labarin addinin kuma sai wanda ya nutsu zai gani.

A 1566 aka yi tarzomar fasa gumaka da hotuna a coci-cocin yankin da yanzu ya zama Holan da Beljiyam. Daga baya lardunan arewa suka ɓalle daga mulkin Sifaniya, yaƙin da bai ƙare ba sai 1648, manyan coci-cocinsu suka koma hannun mabiya Calvin, wani reshe na Kiristoci 'yan Furotesta, waɗanda ba su yarda da hotuna a wurin ibada ba. Masu zane sun rasa babban kwastomansu kenan, sai suka koma yin ƙananan hotuna da ɗan kasuwa ko likita ko mai gidan burodi zai saya ya rataye a falo. A daidai lokacin kuɗi yana shigowa kamar me, an kafa VOC, kamfanin Holan mai fatauci da ƙasashen Asiya, a 1602, jiragensa suna dawowa Amstadam da masoro, kanumfari, gyaɗar ƙamshi da tangaran na Sin. Amma kada a ɗauka wai abin na 'yan Furotesta ne su kaɗai, domin Antwerp da ta ci gaba da zama ta Katolika ta fitar da manyan masu zanen furanni da na abinci, haka ma Italiya da Sifaniya.

Shi ma fentin man yana da nasa hannu a ciki. Ana kwaɓa garin launi da man linsid, ba ya bushewa da wuri, don haka mai zane zai iya shafa siririn fenti mai ratsa haske a kan wanda ya riga ya bushe, hawa-hawa, har gilashi ya fito kamar gilashi, raɓa ta fito kamar za ta ɗiga. In ba don wannan ba da ba za a iya nuna bambancin azurfa da dalma ba, ko inabin da yake sabo da wanda ya fara laushi, alhali saƙon da yawa a wannan ɗan bambancin yake.

Inda ma'anar take a fili

A zanen vanitas babu wata gardama, masu zanen ma da kansu sukan rubuta saƙon a jiki. Wanda Jacques de Gheyn na biyu ya yi a 1603, da yake gidan tarihi na Metropolitan a New York, ana ɗaukarsa a matsayin mafi daɗewa da aka sani a wannan nau'in. Ƙoƙon kai ne a cikin wata alkuki, a samansa wata ƙatuwar kumfa tana shawagi, gefe ɗaya furen tulif da aka yanke, ɗaya gefen hayaƙi yana fita daga tukunya, ga tsabar kuɗi a zube, sannan a sama an rubuta da Latin cewa al'amuran ɗan Adam banza ne. Kumfa tana fashewa, hayaƙi yana bajewa, fure yana yaushi, kuɗin kuma ba ya bin mai shi kabari.

Na Harmen Steenwyck da aka yi wajen 1640, wanda yake National Gallery a Landan, ya fi nuna yadda buga misali yake aiki. Littattafai suna wakiltar ilimi, sarewa da wani irin molo na Turawa suna wakiltar jin daɗi, takobin Japan da wani ƙwanson teku mai wuyar samu suna wakiltar iko da dukiya, agogo da fitilar da take mutuwa suna ƙirga lokaci, ƙoƙon kan yana tsakiya ya fi komai fitowa, haske kuma yana saukowa a karkace daga sama. Duk abin da mutum yake tinƙaho da shi an tara a tebur guda an ajiye mutuwa a tsakiyarsu. Garin Leiden, mai jami'ar da aka kafa a 1575, ya yi suna da irin wannan zanen, kuma mutanen lokacin sun san annoba sosai, ta sha shiga garuruwansu ta kwashe dubbai. Wato dai ƙoƙon kan tunatarwa ce ta wa'azi irin ta Kiristocin wancan zamanin, abin da mutum zai kalla a ɗakin karatunsa ya tuna ƙarshensa, babu ruwansa da tsafi.

Inda rigimar take

Matsalar tana farawa ne idan babu ƙoƙon kai kuma babu rubutu. Ɗauki zanen Willem Claesz Heda na 1635 da ke Rijksmuseum, babban gidan tarihin Amstadam: farin ƙyalle, kofin zinariya, tambulan ɗin giya, burodi, abincin teku mai ƙwanso, kwanon azurfa ya kife, lemo an fere. Masu neman alama za su ce kwanon da ya kife yana nuna an tashi daga cin abinci ba shiri kamar yadda mutuwa take zuwa, lemon kuma kyau a waje tsami a ciki irin na duniya, abincin ƙwanson yana nuni da sha'awa tunda a lokacin an yarda yana motsa ta. Duk zai iya yiwuwa. Amma lemo a Holan kaya ne mai tsada da ake shigo da shi daga ƙasashen Bahar Rum, ana matsa shi a giya da kifi, kuma wannan ɓawon da yake nannaɗewa hanya ce da mai zane yake nuna gwanintarsa, ga rawaya mai sheƙi, ga farin ciki mai taushi, ga tsokar mai ruwa, duk a abu guda. Kwanon da aka kifar shi ma yana ba shi damar nuna aikin maƙeri na ciki da na waje.

Furanni sun ma fi rikitarwa. Tulun furannin Ambrosius Bosschaert ko Jan Brueghel Babba ba abu ne da aka taɓa gani a zahiri ba, saboda sun haɗa furannin da ba sa fitowa a lokaci guda, na farkon bazara da na tsakiyar rani a tulu ɗaya, kowanne an zana shi daban lokacin da ya buɗe. Wasu suna karanta wannan a matsayin gargaɗi, ga ganye ya faɗo, ga tsutsa tana ci, ga ƙuda ya sauka. Sai dai muna da wasiƙun da Brueghel ya rubuta wa Kadinal Federico Borromeo, babban limamin Katolika na Milan, a 1606, kuma abin da yake ta nanatawa shi ne wahalar da ya sha, har Brussels ya je don ya ga furannin da ba a samu ko'ina, da yadda ya kwaikwayi halitta daidai. A ƙasan tulun ya zana tsabar kuɗi da kayan ado don a gwada a ga ko furannin ba su fi su kyau ba. Shi kuma Kadinal ɗin ya rubuta cewa yana jin daɗin kallon furannin zane a lokacin sanyi da ƙanƙara ta rufe komai. Wannan ya fi kama da yabon halittar Ubangiji da kuma murnar samun furen da ba ya yaushi, ba tsoratarwa ba.

Tulif ma haka. Masu ratsi-ratsin nan da aka fi so, wata ƙwayar cuta ce take jawo ratsin, abin da ba a gano ba sai a ƙarni na 20. Farashinsu ya yi tashin gwauron zabi har kasuwar ta faɗi a watan Fabrairun 1637. Tun 1614 Roemer Visscher ya fitar da littafin hotuna masu karin magana mai suna Sinnepoppen, a ciki ya saka hoton tulif da maganar cewa wawa da kuɗinsa ba sa daɗewa tare, ya kuma yi wa masu tara ƙwanson teku irin wannan shaguɓen. To amma su waye suke sayen zanen tulif da na ƙwanso? Sau da yawa masu sha'awar tara su ne. Da wuya mutum ya biya maƙudan kuɗi don a rataye masa zagi a falonsa. Bosschaert ya rasu a Hague a 1621 lokacin da ya kai wani zanen furanni da ya nemi gilda 1,000 (kuɗin Holan na lokacin) a kansa, a zamanin da ƙwararren mai sana'a yake samun kamar 300 a shekara.

Ɓangarorin masana

Ɓangare na farko su ne masu cewa akwai ɓoyayyar ma'ana. Erwin Panofsky ya yaɗa wannan tunanin a 1953 game da tsofaffin zanen addini na yankin, cewa kayan gida na yau da kullum suna ɗauke da saƙo a sakaye. Eddy de Jongh ya faɗaɗa shi zuwa zanen ƙarni na 17, musamman a baje kolin da aka yi a Rijksmuseum a 1976, yana kafa hujja da littattafan karin magana irin na Visscher da Jacob Cats waɗanda mutane suke karantawa sosai. Ƙarfin hujjarsu shi ne da gaske mutanen lokacin sun saba ɗaukar darasi daga abubuwan da ke gabansu. Rauninta kuma shi ne a waɗancan littattafan akwai rubutu a ƙasan kowane hoto da yake ɗaure ma'anar, kuma abu guda yakan ɗauki ma'anoni masu karo da juna daga shafi zuwa shafi, zane kuwa yawanci ba shi da rubutun.

Ɓangare na biyu Svetlana Alpers ce ta fi fito da shi a littafinta na 1983. Ta ce mutanen Holan na lokacin masu son gani ne da siffantawa, zamanin gilashin ƙara girma ne da zana taswira da tattara ƙwari, don haka darajar zanen tana a saman abin da ido yake gani, ba sai an tona ƙarƙashi ba. Rachel Ruysch misali ce mai kyau a nan, mahaifinta Frederik Ruysch masanin jikin ɗan Adam ne da tsirrai mai tarin kayan bincike a gida, ita kuma ta yi ta zanen furanni da ƙwari har ta haura shekara 80, tana sayar da aikinta da tsadar da shahararren mai zanen Holan Rembrandt bai cika samu ba a rayuwarsa. Ƙudan da wani zai ce alamar ruɓewa ce, a wurin mai zane yana iya zama gasa da tsohon labarin Girkawa na Zeuxis da ya zana inabi har tsuntsaye suka zo tsattsaga. Clara Peeters kuwa, a zanenta na cuku da ke gidan tarihin Mauritshuis a Hague, ta sa sunanta a jikin wuƙa ta kuma zana 'yar fuskarta a murfin tulu, wanda ya fi kama da cewa ni na yi wannan. Abin da ake sukar wannan ɓangaren da shi shi ne ba zai iya share vanitas ba, kuma raba kallo da wa'azi kamar ba sa haɗuwa ba haka mutanen lokacin suke tunani ba.

Na uku su ne masu kallon kasuwa, kamar Julie Berger Hochstrasser a littafinta na 2007. Su tambayarsu ba me lemo yake nufi ba ce, daga ina kayan suka zo kuma wa ya sha wahalarsu. Zanen Willem Kalf da ke cike da tangaran na Sin da dardumar gabas da kofunan azurfa kusan kamar jeren ɗakin amarya yake, an fito da kaya don a san gidan da ƙarfi. Gyaɗar ƙamshi daga tsibiran Banda na Indonesiya ta yau take, inda a 1621 Jan Pieterszoon Coen na VOC ya kai farmakin da ya kusa shafe mutanen wurin su kusan 15,000, aka kashe wasu, aka bautar da wasu, wasu suka gudu. Sukari da taba daga gonakin bayi na nahiyar Amurka suke zuwa, kuma a 1637, shekarar da kasuwar tulif ta faɗi, kamfanin Holan na Yammacin Indiya ya ƙwace ganuwar Elmina da ke gaɓar Ghana ta yau daga hannun Fotugal, ta zama babbar tashar fitar da bayi. A wasu zane-zanen walima har da yaro baƙar fata a tsaye cikin kayan kamar shi ma ɗaya ne daga cikinsu. Masu sukar wannan karatun suna cewa tambayar zamaninmu ce aka ɗora wa zanen, masu goyon baya kuma su ce ai rashin nuna wahalar shi ma wani abu ne da ya kamata a lura da shi.

Idan aka auna, hujjar da ta fi nauyi ita ce takardun lissafin kayan gado na lokacin, inda magatakarda suke rubuta wannan vanitas ne ko ƙoƙon kai, wancan kuma tulun fure ko ɗan abin karyawa. Su da kansu sun bambanta su. Saboda haka ma'anar abu tana bin abokan zamansa ne a cikin hoton, agogo kusa da ƙoƙon kai magana ɗaya yake yi, agogo kusa da kofin azurfa zai iya zama gargaɗin a ci a sha da tsakaitawa ko kuma kawai wani kayan tsada.

Ta wajen Sifaniya da Italiya

Can salon ya fi sauƙi da tsit. Kwandon 'ya'yan itatuwa na Caravaggio da ke Milan yana da tuffar da tsutsa ta huda da ganyen da ya bushe. Juan Sánchez Cotán ya rataye kabeji da wasu 'ya'yan itace da zare a bakin taga mai duhu wajen 1602, ba da daɗewa ba ya bar sana'ar duniya ya shiga gidan masu zuhudu, shi ya sa ake karanta aikinsa a matsayin ƙanƙan da kai, duk da cewa rataye abinci haka hanyar adana shi ce a gidajen lokacin. Zanen Zurbarán na 1633 mai lemun tsami da lemun zaƙi da kofi da fure, da yawa suna danganta shi da Maryam ko da aƙidar Triniti, amma shi bai bar bayani ba.

Abin da ya shafi mai kallo na yau

Ga ɗalibin zane, wannan nau'in shi ne wanda marubucin tarihin zane André Félibien ya ajiye a ƙasan jerin darajar zane a Faransa a 1667, amma har yau da shi ake fara koyar da hannu, a jera tulu da ƙwarya a ce ka zana. Ga Musulmi mai sha'awar zane kuma akwai sauƙi a nan, tunda mafi yawan malamai sun halatta zana abin da ba shi da rai bisa ruwayar Ibn Abbas da ya ce wa mai zane ya yi bishiyoyi da abin da ba ruhi, sai dai wasu daga waɗannan hotunan suna da ƙwari da tsuntsaye, wannan kuma tambaya ce ta malamai.

Gidajen tarihin ma sun fara canja yadda suke bayani. A 2019 Amsterdam Museum ya daina kiran ƙarni na 17 da zamanin zinariya, Rijksmuseum ya yi baje koli a kan bauta a 2021, firaministan Holan na lokacin Mark Rutte ya nemi afuwa kan rawar da ƙasar ta taka a bauta a Disambar 2022, sarki Willem-Alexander ya bi sahu a 1 ga Yulin 2023. Don haka bayanin da mutum zai karanta a gefen zanen Kalf yau ba lallai ya zama irin na shekaru 30 da suka wuce ba.

Sannan a yi hattara da fassara launi. Masu zanen suna samun kore ne ta hanyar shafa rawaya ta tsirrai a kan shuɗi, wannan rawayar kuma haske yana cinye ta, shi ya sa a zane-zanen furanni da yawa za ka ga ganye shuɗi, ba wata ishara ba ce, fenti ne ya koɗe. A wani zanen Abraham Mignon da ke Rijksmuseum an bincika wata fure mai rawaya da ta zama kamar an daɓe ta, aka gano sinadarin arsenik da ke cikin fentin ne ya lalace ya shafe inuwar da ke fito da ganyenta. Rijksmuseum da Metropolitan duk sun saki hotunan tsofaffin kayansu kyauta a intanet da girman da za a iya zuƙowa har a ga sawun buroshi, don haka wanda aka kawo wa jerin fassara zai iya buɗe ainihin zanen a wayarsa ya duba ko akwai rubutu a jiki, me aka ajiye kusa da me, a wane gari aka yi shi kuma a wace shekara.